Haƙora nawa ya kamata a sa wa kat, kuma wace sarƙa ce ta dace da ita?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana inji da ke cikinmu. A Ingila nake zaune, kuma na fara shiga tseren kat, ƙananan motocin nan masu kujera ɗaya marasa rufi. Injin da ke kan tawa Rotax Max 125 ne, sarƙarta lamba 219, farantin gaba mai haƙora 12, na baya mai 82. Na'urar da ke jikin sitiyari tana nuna juyi 13,900 a minti a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya, amma a kwanar da ta fi kowace tsanani juyin yana faɗuwa zuwa 6,800, kuma idan na taka totur daga nan sai abokan tsere su ba ni rata kafin injin ya farfaɗo. Wani ya ce in mayar da farantin gaba mai haƙora 11, wani kuma ya ce akasin haka ya kamata, wato in rage haƙoran baya. Ban da wannan, sarƙar ba ta jimawa take sakin jiki. Wace shawara ce daidai?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a bi maganar kowa, bari mu yi lissafi, domin wannan fanni ne da alƙalami yake raba gardama a cikinsa. Idan ka raba 82 da 12 za ka sami 6.83, ma'ana sai inji ya juya kusan sau bakwai kafin aksul ɗin baya, wato sandar da ke ɗauke da tayoyin baya, ya juya sau ɗaya. Kewayen tayar baya ta irin motarka bai wuce santimita 87 ba, ko da ɗan bambanci. Saboda haka juyi 13,900 yana ba ka kimanin kilomita 106 a awa, juyi 6,800 kuma kimanin kilomita 52.

Wanda ya ce ka sa faranti mai haƙora 11 bai yi wannan lissafin ba. Da 11 a gaba da 82 a baya, rabon zai koma 7.45, kuma kafin ka kai kilomita 106 ɗin nan sai injin ya yi juyi sama da 15,000, alhali wannan injin ana tsayar da shi ne a wajen 14,000. Za ka maƙale a kilomita 98, ka zauna kana kallon kowa yana wuce ka. Haƙori ɗaya a gaba daidai yake da shida ko bakwai a baya, shi ya sa ba a taɓa farantin gaba sai an koma wani fili mai yanayi dabam. Gyaran yau da kullum a baya ake yin sa, inda haƙori ɗaya yake sauya juyinka na ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya da kimanin 170.

Bakanike:
Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni aikina gyaran babura ne a Kano, ban taɓa ɗora sifana a kan kat ba, amma maganar sakin sarƙa ta ja hankalina. Baburan haya da muke gyarawa sarƙa mai lamba 428 suke ɗauka, kuma suna jan mutum uku da buhu a kan hanya marar kwalta wata da watanni kafin a canza. Me zai hana ɗan'uwanmu ya sa irinta ya huta da sayen wannan siririyar?

Injiniya:
Oga Bakanike, tambayarka tana kan hanya, kuma amsarta tana cikin girman taya. Tazarar da ke tsakanin fil da fil a sarƙar 428 milimita 12.7 ce, a ta 35 milimita 9.525, a ta 219 kuma milimita 7.774. Faranti mai haƙora 80 na sarƙar 219 faɗinsa kimanin milimita 198 ne. Idan aka yanka haƙora 80 ɗin nan don sarƙar 35, faɗin zai kai 243, don 428 kuwa zai kai 323. Tayar bayan kat gaba ɗayanta ba ta kai milimita 280 ba. Ka ga ke nan farantin zai fi tayar girma, shi zai riƙa taɓa ƙasa, tayar tana lilo a sama.

Babur yana da akwatin giya da ke rage juyin inji tun kafin ya iso ga sarƙa. Kat irin ta mai tambaya ba ta da shi: daga kuloci sai sarƙa sai aksul, don haka duk ragin nan na kusan ninki bakwai a kan faranti biyu kawai ya rataya, kuma babu yadda za a cusa haƙora masu yawa haka a ƙaramin wuri sai da sarƙa mai ƙananan gaɓoɓi. Amma sarƙarka tana da gurbi a wannan wasa. Ajin KZ, wanda injinsa ke da giya shida, 428 yake amfani da ita, kuma farantin bayansa haƙora ashirin da 'yan kai ne kawai, saboda akwatin giya ya riga ya yi rabin aikin. Akwai ma Rotax DD2, mai giya biyu, wanda ba shi da sarƙa sam, aksul ɗin ta cikin injin yake ratsawa.

Tsohon Direba:
Lissafin Injiniya babu tangarɗa, sai dai ina tsoron kada mai tambaya ya fita daga nan da tunanin cewa matsalarsa a faranti take. Ɗana, dubi lambobinka biyu da kyau: 6,800 da 13,900. Na ƙasa kusan rabin na sama ne, kuma babu wani faranti a duniya da zai sauya wannan, tunda giya ɗaya gare ka. Abin da faranti yake yi shi ne ya ɗaga su tare ko ya sauke su tare. Idan ka ƙara haƙori ɗaya, ka sami juyi 83 kacal a cikin kwana, ka kuma ƙara 170 a sama, inda ba ka da sauran wuri.

Yanzu ka duba ta ɗaya ɓangaren. Da za ka ratsa kwanar nan da kilomita 56 maimakon 52, juyinka na ƙasa zai tashi zuwa wajen 7,300 ba tare da ka kwance noti ko ɗaya ba. Wannan ribar ta kai ta haƙora shida, kuma ba ta ci maka komai a miƙaƙƙiyar hanya ba. Waɗanda suke ba ka rata ba lallai ne farantinsu ya fi naka girma ba; na fi kyautata zaton nasu ya fi naka ƙanƙanta. Sabon direba yakan shiga kwana da gudu fiye da kima, ya danne birki har tsakiyarta, ya murɗa sitiyari da yawa, motar ta shaƙe, sannan ya ɗora wa inji laifi. Kat ba ta da abin da ke raba juyi tsakanin tayoyin baya kamar babbar mota, sandar ƙarfe ɗaya ce ta haɗa su, don haka sai tayar ciki ta ɗan ɗaga daga ƙasa kafin motar ta juya a sake. Idan ta sauka da wuri, tayoyin biyu suna kokawa da juna, kuma injin ne yake biyan kuɗin kokawar. Shi ya sa za ka ga direba yana ƙwarewa, haƙoran bayansa suna raguwa.

Mai Lissafi:
Baba, ina girmama gogewarka, amma ina da ja a kan wani sashe. Gaskiya ne tuƙi ya fi faranti tasiri, sai dai mutum da hannun da yake da shi yau zai yi tseren ranar Lahadi, ba da wanda zai samu baɗi ba. Idan har yanzu kilomita 52 yake iya ɗauka a kwanar, rage masa haƙora zai ƙara jefa injin cikin ramin da ba shi da ƙarfi. Wannan inji mai bugu biyu ne, kamfanin ya ce ƙarfin murɗarsa yana kai ƙololuwa a juyi 9,000, ƙarfin dokinsa 30 kuma a juyi 11,500. A wajen 6,500 ɗin da rage haƙora zai kai shi, bacci yake yi. Ni a ganina ya bar 82 ɗin har hannunsa ya faɗa.

Tsohon Direba:
Lambobin da ka kawo ai su ne hujjata. Idan ƙarfin injin yana kan ganiyarsa a 11,500, to a 13,900 ya daɗe da gangarowa, ƙara kawai yake yi mai daɗin ji. Tambayar da ya kamata a yi ita ce: a zagaye ɗaya, daƙiƙa nawa motar take yi a sama da 13,000, daƙiƙa nawa kuma take yi a ƙasa da 7,500? Idan kwana mai tsanani ɗaya ce tak a filin, sauran kuma masu faɗi ne da ake ratsawa da gudu, to bai kamata a sadaukar da zagaye guda saboda kwana ɗaya ba. Wanda ya je fili irin na Zuera a Sifaniya, mai dogayen hanyoyi, da farantin da ya saba sawa a ƙaramin filin unguwarsu, zai sha kunya. Haka wanda ya yi akasin haka.

Injiniya:
Ina ganin ku biyun za ku iya yin gaskiya, kuma agogo ne kaɗai zai faɗi wanda filin ya goyi bayansa. Malam mai tambaya, ka tanadi faranti 79, 80, 81 da 82. Ka yi zagaye kamar takwas da kowanne a rana ɗaya, da tayoyi ɗaya, da iska ɗaya a cikinsu, sannan ka kwatanta matsakaicin zagayenka masu kyau, ba zagaye ɗaya da sa'a ta faɗa masa ba. Kada ka amince da abin da jikinka ya gaya maka, domin babban faranti kullum yakan sa mutum ya ji kamar yana tashi sama ko da agogo yana cewa ya yi baya. Na'urori irin su MyChron da Alfano suna raba zagaye kashi-kashi, za ka ga inda ka samu da inda ka rasa.

Maganar iskar taya ba ƙawa na sa ta ba. Bambancin santimita ɗaya a kewayen taya ya haura kashi 1 cikin 100, kusan haƙori guda ke nan. Mutum zai iya canza tayoyi ya ga juyinsa ya sauya, ya yi ta neman aljani a cikin inji. Zare da rula sun isa a auna.

Mai Lissafi:
Na yarda da gwajin, amma a ƙara masa sharaɗi guda. Farantin da ya fi sauri idan mutum yana shi kaɗai a fili ba lallai ne ya fi amfani a cikin cunkoson tsere ba. Idan kana bin bayan wani, iskar da ya keta tana ja ka, juyinka na sama ya ƙaru, don haka wanda ya riga ya kai 13,900 shi kaɗai zai bugi iyakar injin a daidai lokacin da yake buƙatar ɗan saura don ya wuce. Wannan hujja ce ga Baba. Amma kuma a cikin cunkoso ba ka samun layin da kake so a kwana, wani zai tare ka, ka fito a hankali, a nan kuma haƙori ɗaya na ƙari yakan cece ka. Idan aka yi ruwa kuwa babu gardama, ana ƙara haƙora da dama, tunda gudun kwana ya ragu kuma ba za a kai gudun da aka saba ba a ƙarshen hanya.

Baban Yara:
Ku ba ni dama in shigo da tawa, tunda ta yi kusa da wannan. A Amurka muke, ɗana yana tsere da injin Briggs & Stratton 206, mai bugu huɗu, dangin irin injinan da muka sani a janareta da injin ban ruwa. Babban ajinsa ana tsayar da shi a juyi 6,100. A filinmu wasu suna kan sarƙar 35, wasu sun koma 219, kowane ɓangare yana cewa nasa ya fi. Mu a 35 muke, 16 a gaba, 60 a baya. Akwai dalilin da zai sa in kashe kuɗi in sauya?

Injiniya:
Alhaji, a irin injinku duka biyun suna shiga, saboda rabon da kuke buƙata ƙarami ne. Naku 60 a kan 16 ya ba da 3.75, kuma 75 a kan 20 a sarƙar 219 shi ma 3.75 ne. Faɗin farantan ma kusan ɗaya ne, milimita 182 da 186. Bambancin yana cikin girman taki. Haƙori ɗaya cikin 60 yana sauya juyi da kimanin 100, ɗaya cikin 75 kuma da kimanin 80, don haka mai 219 yana iya daidaita motarsa daki-daki fiye da ku. A inji mai ƙarfin doki kusan tara, wanda aka rufe da hatimi don kada kowa ya taɓa cikinsa, irin wannan ƙaramin bambanci yakan yi amfani ga waɗanda suke rige-rigen kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Idan yaron bai kai nan ba tukuna, kuɗin ya fi amfani a tayoyi da kwanakin atisaye. Sauyawar ba sarƙa kaɗai ba ce, har da farantin kuloci da duk tarin farantan baya da ka riga ka saya. Ka kuma duba dokar ajinku, domin wasu gasanni suna ƙayyade irin sarƙa ko adadin haƙora, musamman a ajin yara.

Abu guda da ya bambanta injinku da na mai tambaya: a irin naku, taɓa iyakar juyi na ɗan lokaci a ƙarshen hanya mafi tsawo ba laifi ba ne, da yawa ma haka suke saita motarsu da gangan. Abin gudu shi ne a buge ta tun daga tsakiyar hanya.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai, na fahimci batun faranti. Saura sarƙar. Ana sayar da mai zoben roba da marar zobe, kuma ta farko ta fi tsada sosai. Wacce zan saya?

Bakanike:
A nan kam ina da abin faɗa, domin sarƙa sarƙa ce ko a jikin me take. Da farko, abin da muke kira sakin jiki ba ƙarfen ne yake miƙewa ba. Fil ne da bututun da yake juyawa a ciki suke cinye juna, kowace gaɓa ta sami ɗan wasa, idan aka tara wasan gaɓa ɗari sai sarƙa ta yi tsawo. Daga nan sai ta daina zama a gindin haƙori, ta hau sama, ta riƙa sassaƙe shi har ya lanƙwashe ya yi tsini kamar ƙayar kifi. Wanda ya ɗora sabuwar sarƙa a kan irin wannan faranti ya zubar da kuɗinsa.

Kafin ka zargi sarƙar, ka duba saiti. Ka ɗora rula ta ƙarfe a jikin farantin baya ka miƙa ta zuwa na gaba, dole su kwanta a layi ɗaya. Idan ka ga gefe ɗaya na haƙoran yana sheƙi, ɗayan kuma da sauran fenti, to sarƙar a karkace take tafiya. Ka kuma juya taya a hankali kana taɓa sarƙar, za ka tarar akwai inda ta fi ɗaurewa, saboda babu farantin da yake zama daidai tsakiya ɗari bisa ɗari. A wannan wurin ake auna sassauci, ba a inda ta fi saki ba.

Tsohon Direba:
Oga Bakanike ya gama magana, sai dai in ƙara abin da ya keɓanci kat. Ba ta da shakazoba, firam ɗin ne da kansa yake lanƙwasa a cikin kwana, kuma idan ya lanƙwasa tazarar inji da aksul tana ɗan sauyawa. Sarƙar da aka ɗaure tamau a kan teburin gyara za ta riƙa fizgar boris ɗin kuloci a kowace kwana. A bar mata wasa na kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi sama da ƙasa, kuma a sake aunawa bayan an ɗaure ƙafar inji, domin ɗaurin yakan ja ta.

Game da zoben roba, ni na tsufa a kan marar zobe kuma ban sauya ra'ayi ba. Idan ka juya taya da hannu za ka ji yadda zoben yake riƙe ta. Mai son kowane ɗigon ƙarfi ya sayi marar zobe daga kamfanin kirki, irin su DID ko RK ko EK na Japan, ko Regina ta Italiya, ya fesa mata mai duk lokacin da zai fita, ya canza ta da wuri.

Injiniya:
Baba, a nan zan saɓa maka. Riƙon da kake ji da hannu na sarƙa mai sanyi ne, yana raguwa idan ta ɗumama. Ka kuma duba irin azabar da take sha: a juyi 14,000 da faranti mai haƙora 12, sarƙar tana gudun kusan mita 22 a daƙiƙa, kuma mai gaɓa 108 tana kewayawa sau 26 a kowace daƙiƙa, kowace gaɓa tana lanƙwasa digiri 30 duk sa'ad da ta hau ƙaramin faranti. A wannan gudun man da aka fesa ba ya daɗewa yake watsewa. Marar zobe tana fara tsere da sauƙin juyi, amma tana iya ƙare shi a bushe, mai zobe kuwa giris ɗinta yana kulle a cikin gaɓa tun daga masana'anta. Ga mai ƙaramin inji irin na ɗan Alhaji, marar zobe ta wadatar. Ga injin mai ƙarfin doki 30 a hannun wanda yake koyo kuma yake kashe kuɗin aljihunsa, mai zobe nake ba da shawara. Ita ma tana son mai a waje saboda haƙora, kuma ba a wanke ta da fetur, kananzir ya fi mata lafiya.

Wannan lanƙwasar ita ce kuma dalili na biyu na guje wa ƙaramin farantin gaba idan akwai zaɓi. A haƙora 10 digiri 36 ce, a 20 kuma 18, kuma gudun sarƙar da kansa yana hawa da sauka da kusan kashi 5 cikin 100 a kan faranti mai haƙora 10, abin da bai wuce kashi 1 da ɗan kai ba a kan mai 20. Rabon 11 da 73, da 12 da 80, da 13 da 87 kusan ɗaya ne, amma sarƙa ta fi jin daɗin na ƙarshe. Kuɗin da ake biya shi ne farantin 87 ya fi na 80 kusantar ƙasa da milimita takwas ko tara, kuma duk wanda ke hawa dakalin gefen kwana ya san ƙarar alminiyam idan ya daki siminti.

Tsohon Direba:
Ban gamsu ba a kan zoben, amma na yarda cewa ga mai koyo hasarar ba za ta fito a agogo ba. Ya dai riƙa aunawa: gaɓa 20 na sabuwar 219 milimita 155.5 ne daga tsakiyar fil zuwa tsakiyar fil. Idan aka ja ta aka ga ta kai 157, ni ba na ƙara shiga tsere da ita. Kuma kada ya fita ba tare da murfin sarƙa ba, dokar tsere ma ta wajabta shi.

Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri. Zan sayi 79 zuwa 81 in gwada kamar yadda Injiniya ya tsara. Sarƙata mai gaɓa 108 za ta yi wa dukansu, ko sai na sayi wani tsawon?

Injiniya:
Za ta yi, muddin akwai sauran wuri a inda ƙafar injin take zamewa. Fiye da rabin farantin baya ne sarƙa take rungume da shi, don haka kowane haƙori da ka cire yana sa ka tura injin gaba da kimanin milimita 2 da rabi, daga 82 zuwa 79 ke nan kusan milimita 8. Sai ka sauka da haƙora uku ne za ka iya komawa mai gaɓa 106 injin ya zauna kusan inda yake. Ka lura da salansa lokacin turawar kada ta ɗaure, kuma ka sake ɗora rula bayan kowane canji, domin mariƙin faranti yakan gusa a kan aksul idan notinsa bai kama sosai ba.